Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ni da Cessna 172

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya mun tsaya inda na ci jarrabawar yanayin sama da ta dokokin tuƙi a makarantar nan ta koyon tuƙin jirgin sama da ke kusa da Johannesburg, Alhajin da ya ɗauki nauyina kuma ya turo kuɗin awannin tashi, Allah ya saka masa da aljanna. To yau jirgin kansa zan baku labari, don in na tsallake shi sauran abin da ke tafe ba zai shiga ba.

Sunansa Cessna 172, wasu suna ce masa Skyhawk. Inji ɗaya ne a hanci da farfela, kujera huɗu, fukafukai a saman rufi, taya uku ɗaya a gaba biyu a baya kuma basa naɗewa. Wanda ya saba ganin manyan jiragen da ke sauka filin jirgin Gombe da ke Lawanti lokacin jigilar alhazai in ya ganshi zai raina shi, mutum biyu ma suna turo shi da hannu daga rumfa. Amma a duk tarihin ƙera jirage babu wanda aka ƙera da yawa kamarsa, sama da 44,000 tun daga 1956 da aka fara sayar da shi, a jihar Kansas ta Amurka ake yinsa. An taɓa dakatar da ƙera shi a 1986 saboda ƙararrakin da suka yi wa kamfanonin ƙananan jirage yawa, bayan kamar shekara 10 aka dawo aka ci gaba, har yau ana yi.

Mu ɗalibai dole ce ta haɗamu da shi, shi makaranta ta bamu. Abin da ya ɗaure min kai mutanen ranar Asabar ne, masu jirgin kansu. Zaka ga likita, zaka ga manomi ya taso daga gonarsa mai nisa ya zo sayen maganin dabbobi ya koma, zaka ga tsohon matuƙin babban jirgi da yayi ritaya, mutanen da wallahi in sun so suna da halin sayen wanda ya fishi gudu da kyau, amma kusan duk rumfar da ka leƙa 172 ne a ciki. Akwai wani dattijo Bature manomi da muka saba, ina taya shi goge gilashi yana bani labari, rannan na tambaye shi dalili. Yace shi ba kullum yake tashi ba, wani lokacin sai yayi wata bai taɓa jirgi ba, hannu yana yin sanyi, don haka yana son jirgin da in ya ɗan kauce zai bashi lokacin gyarawa.

Ban gane maganar sosai ba sai da muka shiga darasin da kowane ɗalibi ke fargaba. Malam zai kaika sama sosai, yace rage wuta, ɗaga hanci, ƙara ɗagawa, gudu yana ta raguwa har iska ta kasa riƙe fukafukai. Kafin a kai nan akwai wani ƙaho da ke fara kuka a kunnenka, sitiyarin yayi laushi a hannu, jirgin ya ɗan yi rawa, wato sai da ya faɗa maka sau uku kafin ya saki. In ya saki ma hanci kawai yake sunkuyarwa, ka sassauta sitiyari ka ƙara wuta shikenan ya dawo hayyacinsa. Jirgin nan haƙuri gareshi jama'a. Ko a tafiya miƙe in ka daidaita shi ka sassauta hannu yana riƙe kansa, in iska ta buge shi yakan nemi komawa yadda yake, nauyin jikinsa yana rataye ne ƙarƙashin fukafukai. Wajen sauka kuma a hankali yake zuwa, gudun da yake taɓa ƙasa da shi direbobin hanyar Gombe zuwa Bauchi suna wuce shi kullum, kuma ƙafafunsa na ƙarfe masu lanƙwasa suna shanye dukan da sabon hannu ke yi musu.

Sai darasin mutuwar inji. Kuna cikin tafiya malam zai janye wuta gaba ɗaya yace to inji ya mutu, ina zamu sauka? Anan na ƙara son jirgin. Baya faɗowa, zamewa yake a iska, duk mita ɗaya da ya sauko yana cin kusan mita 9 a gaba, kenan in kana tsayin mita 1,000 a sama kana da kusan kilomita 9 ka zaɓi fili. Kuma da yake fukafukan suna sama babu abin da ya tare maka ƙasa, gona da hanya da wayar lantarki duk kana ganinsu ta taga. Mai ma a cikin fukafukan yake, gangarowa yake zuwa wajen inji. Ga inuwa, in ka tsaya duba jirgi da rana tsaka ƙarƙashin fiffike kake fakewa, mutumin Gombe da ya san zafin watan Afrilu ya san darajar wannan.

Wani dare na kira Baffa, wanda ya riƙe ni a garejinsa na Jekadafari tun ina firamare. Bai tambayi yadda sama take ba, cewa yayi kai ɗan nan, injin fa, ruwa yake sha ko iska? Nace Baffa iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto. Yace silinda nawa? Nace huɗu, Lycoming sunan injin, ƙarfin doki 180 a sababbin. Nace masa kowace silinda fulogi biyu gareta, kuma na'urar da ke basu wuta guda biyu ce kowacce da hanyarta, inji ne ke juya su, ko batir ya mutu a sama inji bai san anyi ba. Yace in ya lalace wa ke gyarawa? Nace Baffa kusan duk ƙaramin filin jirgi a nan akwai bakaniken da ya san shi ciki da waje, kayan gyaransa kuma basa wuyar samu. Sai yace to ai Fijo 504 ce aka sa wa fiffike, irin wannan ba ta barin mutum a daji, Allah ya tsare mana kai. Ni a wajena duk bayanan da na karanta babu wanda ya kai wannan, don Baffa ya san abin da mai abin hawa ke nema, abin da kowa ya san ciwonsa kuma in ka tashi sayarwa akwai mai saye.

Dattijon nan manomi shi ya bani labarin Robert Timm da John Cook, waɗanda suka tashi da 172 daga Las Vegas a watan Disamba 1958 basu sauko ba sai Fabrairu 1959, kwana 64 da awa 22 a sama, mota ce ke gudu a ƙasa suna sauko da jirgin dab da ita ana tura musu mai ta tiyo da abinci. Inji ɗaya fa, bai huta ba.

Amma kar in yi muku tallan da babu gaskiya, yana da iyakarsa. Gudunsa bai wuce kilomita 220 da ɗoriya a awa ba, in iska ta taho ta gaba sai ka ƙosa. Kujera huɗu ne amma in ka cika tanki, kusan lita 200, to manya uku ne iyakarka in babu kaya masu nauyi. Kuma a wuri mai tudu irin Johannesburg da ke sama da mita 1,700, in rana ta take iska tana yin sirara, inji ya rage ƙarfi, jirgin ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, ana lissafin wannan da biro da takarda kafin a tada inji, wanda ya raina lissafin nan haƙurin jirgin ba zai cece shi ba.

Abin da ke min ciwo shine rashinsa a wajenmu. Man da yake sha, afgas, samunsa a Najeriya sai an sha wuya, shi yasa ma ƙananan jiragen Diamond masu shan man manyan jirage suka samu shiga, har a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya da aka kafa tun 1964. In ba haka ba ina dalili, daga Gombe zuwa Bauchi kusan kilomita 150 ne, ƙasa da awa ɗaya ka sauka, likitan tiyata zai iya duba marasa lafiya a garuruwa biyu ya kwana gidansa, injiniya ya zagaya madatsar Dadin Kowa ya ga komai ta taga, masu gadin Yankari su leƙa dajin ta sama su san inda giwaye suke da inda mafarauta suka shiga. Matsalarmu ɗaya ta yanayi hazo ne, daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da mai tuƙi da ido dole ya haƙura ya zauna ƙasa, sauran watanni kuwa sai dai a kiyayi hadarin damina.

Haka muka yi ta zagayen fili ni da malam, tashi, juyo, sauka, sake tashi, har wata safiya bayan mun sauka yace in tsaya gefen titi, ya kwance bel ɗinsa ya buɗe ƙofa ya fita, ya leƙo yace je kayi zagaye ɗaya kai kaɗai. Abin da ya faru bayan ya rufe ƙofar nan, da abin da Inna tace da labarin ya isa Gombe, sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.