Sikeli bai ce komi ba, tela ne ya gano

Kwana goma kahin sallar layya na raka kawuna wajen telanshi a Wadata, telan da ya yi shekara da shekaru yana yi mishi ɗunki kuma yana da wani tsohon kaye da yake rubuta awon mutanenshi. Ya zagaya metir a ƙugun kawu, ya duba kaye, ya sake zagayawa, sai ya ɗaga kai ya ce "Alhaji lahiya kuwa? bara 99 na rubuta, yau 93 nike gani, ko rashin lahiya kuka yi ba mu ji ba?" Kawu ya juyo ya dube ni bai ce komi ba, don sati biyu kahin nan ni da shi mun yi gardama mai tsawo a kan wanga zance, har ya ce min shi ya bar tahiyar motsa jikin da yake yi da asuba tunda wahala ce kawai ba amfani.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shekarunshi 66, tsohon malamin lakol, ya yi koyarwa a ƙauyukan jihar Tawa kusan rabin rayuwarshi kuma da keke yake zuwa ko'ina, ga noma da damina. Duk wanda ya gan shi zai ce wanga dattijo da sauran ƙarfinshi, ba ya da ƙiba, hannu siriri ƙafa siririya, bai taɓa kwanciya asibiti ba. Amma tunda ya yi retret ya dawo Yamai wajen ɗiyanshi sai zama ya yi yawa, daga masallaci sai fada, shayi na ɗaya na biyu na ukku kowane da sukari kamar zuma, shinkafa da rana shinkafa da dare, in za a je ɗaurin aure a ɗauke shi a mota. A hankali tumbi ya hito, shi kaɗai, sauran jiki na nan yadda yake. Mutane kuma sai yabawa suke, "Alhaji hutu ya karɓe ka", har ranar da aka gwada mishi tansiyo da sukari lokotoro ya ce dukansu sun fara hawa, ba su kai ga magani ba tukuna amma ya tashi ya riƙa motsa jiki.

Ya ko tashi. Bayan asuba yana zagaya sitad Seyni Kountché da sauri-sauri, ya fara da minti ashirin har ya kai minti arba'in da biyar, kwana biyar a sati, wani lokaci ya ɗauko tsohon kekenshi ya bi bakin kogi ya haye gadar Kennedy zuwa Harobanda ya dawo. Wata biyar yana haka. Da ya hau sikeli a farmasi sai ya ga daga kilo 78 ya koma 76 da rabi, shi ne ranshi ya ɓaci, ya ce min "kai ɗana, wata biyar ina zuhwa kamar ɗan dako a kan kilo guda da rabi? wanga ko zazzaɓin kwana ukku na sauke shi."

Abinda na yi ta ƙoƙarin gaya mishi ran nan shi nike so in rubuta a nan, don na san dattawa da yawa suna barin motsa jiki saboda wanga sikeli.

Kitse iri biyu ne a jikin mutum, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya ya gan su da idonshi. Akwai wanda ke ƙarƙashin fata, wanda kake iya kamawa da yatsu. Akwai kuma wanda sai an farka ciki ake ganinshi, wancan farin mai kama da raga da ya lulluɓe tumbi da hanji, da wanda ya manne tsakanin hanji da kewayen ƙoda. Mu ma muna da shi haka nan, kuma shi ne mai turo ciki gaba ya yi tauri kamar ganga. Matsalarshi ita ce ba zamne yake kurum ba, yana sakin mai da wasu sinadarai masu kawo kumburi cikin jini, kuma jinin da ke hitowa daga wajen hanji kai tsaye hanta yake zuwa kahin ya je ko'ina. Hanta ta yi ta karɓar wanga kaya kullum sai ta fara tara kitse ita ma, ta daina jin maganar insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, yadda ya kamata, daga nan sai ciwon sukari, sai tansiyo, sai matsalar zuciya. A 2004 a Amurka an yi gwaji aka zuƙe ma wasu mata kitsen ƙarƙashin fatar ciki kusan kilo goma da tiyata, amma sukarinsu da tansiyonsu ba su gyaru ba, don na can ciki ba a taɓa shi ba.

Kuma namiji in shekaru suka ja, can cikin ne jiki ya fi son ajiya. Sinadarin mazantaka da ake ce ma testosterone yana raguwa kaɗan-kaɗan kowace shekara, naman jiki yana zubewa, kitse na maye gurbi, shi ya sa mutum zai iya shekara ashirin kilonshi bai canza ba alhali abinda ke cikin kilon ya canza sarai. Irin su kawu kenan, a waje ba ka ganin komi sai ɗan tumbi.

Akwai wani bincike da ya yi daidai da shi kamar don shi aka yi. A 1991 likitoci a birnin Seattle na Amurka suka ɗauki dattawa maza masu lahiya, shekarunsu wajen 67, waɗanda ba su da wata cuta, da kuma samari, suka sa su motsa jiki mai ɗaukar lokaci irin tahiya da sauri da sassarfa da keke har wata shida, suna ɗaukar hoton cikinsu da sikana kahin da bayan. Tun farko sun tarar dattawan sun ninka samarin kitsen cikin ciki. Bayan wata shida nauyin dattawan kilo biyu da rabi kaɗai ya sauka, amma kitsen ciki ya ragu da sama da kashi 20 cikin ɗari. Ka ga in da sikeli kaɗai suka duba da su ma sun ce an ɓata musu lokaci. A jami'ar Queen's ta Kanada ma a 2000 an yi wani, inda aka sa wasu maza masu ƙiba motsa jiki kullum wata ukku kuma da gangan aka ƙara musu abinci don kar kilo ya sauka, duk da haka kitsen cikin ya ragu.

Dalili kuwa, wanga kitse ya fi na ƙarƙashin fata saurin amsawa. In ka ɗau lokaci kana tahiya da ƙarfi zuciya na bugawa, jiki na sakin adrenalin, sinadarin da ke zaburar da jiki, kuma kitsen ciki ya fi jin kiran adrenalin ya saki mai a ƙone. Masu bincike a Kopenhagen ta ƙasar Danmak sun ƙara gano wani abu a 2019, naman jiki in yana aiki yana hidda wani sinadari da ake ce ma IL-6, waɗanda suka yi sati 12 suna tuƙa keke kitsen cikinsu ya ragu kusan kashi 8, waɗanda aka ba maganin da ke toshe IL-6 ɗin kuwa sun yi keken iri ɗaya amma kitsen bai sauka ba. Ni wanga abu ya burge ni ƙwarai, wato ƙafarka ce ke aika ma cikinka saƙo. Shi ya sa kwanciya ƙasa kana naɗe ciki sau ɗari ba ya narkar da tumbi, yana ƙarfafa naman wajen dai, amma narkewa sai an daɗe ana numfashi sama-sama.

Mu ƴan Tawa da muka tashi da kokowa, tunda a garinmu aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975, mun san yadda ƙato ke komawa in ya bar fage ya ci gaba da cin abincin da ya saba. A Japan likitocin Osaka sun duba ƴan kokowarsu na sumo, mutane masu kilo ɗari da ɗoriya mai yawa, suka tarar mafi yawan kitsensu ƙarƙashin fata yake, na cikin ciki kaɗan ne, sukarinsu lahiya lau muddin suna horo kullum, sai sun daina ne cututtukan ke biyo baya. Abinda na karanta a nan shi ne ƙarfin da ka yi a da ba ajiya ce ba, keken da kawu ya tuƙa shekara talatin bai hana tumbi hitowa ba da ya zamna shekara biyar. A jami'ar Duke ta Amurka ma sun ga haka, mutanen da aka bari ba motsi wata shida kacal kitsen cikinsu ya ƙaru da sama da kashi 8.

To nawa ne ya isa? Hukumar lahiya ta duniya ta ce minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, wato irin wanda kana iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga, sannan kwana biyu a sati a yi abinda ke sa naman jiki aiki, ko da tashi da zama daga kujera ne ko ɗaga jarkar ruwa. Awo kuma a yi shi da metir ɗin tela, tsakanin haƙarƙari na ƙasa da ƙashin ƙugu, bayan an saki numfashi ba a matse ciki ba. Ga namiji daga santimeta 94 an fara shiga hatsari, 102 abu ya yi nisa, kuma hanya mafi sauƙin riƙewa ita ce ƙugu kar ya wuce rabin tsawonka. Kawu tsawonshi 172 ne, kenan 86 yake nema, da sauran aiki.

Sai dai don Allah kar wani dattijo ya karanta wanga ya tashi gobe ya kama gudu. A fara zuwa a gwada tansiyo da sukari, wanda ke shan magani ya tambayi lokotoronshi, in an ji ƙirji ya riƙe ko jiri ko numfashi ya yanke a tsaya nan take a nemi asibiti. Zahin Yamai na watan huɗu da na biyar ya wuce digiri 40, ba lokacin tahiya ba ne in rana ta ɗaga, bayan asuba ne ko bayan magariba, da gorar ruwa a hannu, ranar da ƙura ta rufe gari kuma a haƙura ko a rufe hanci. Da azumi kawu bayan asham yake hita.

Abinda ya fi damuna shi ne bakin mutane. Sau nawa aka tsaida mota aka ce "Alhaji shigo in rage maka hanya", in ya ce motsa jiki yake sai a dube shi kamar ya zubda girma, wani a fada har ya ce ɗiyanshi sun bar shi yana yawo a ƙasa. Ni ina ganin ɗan da ya hana tsohonshi taka ƙasa da sunan girmamawa bai san abinda yake jawo mishi ba.

Da muka hito daga shagon tela kawu ya tsaya wajen wani mai tebur ya sai metir nashi na kanshi, ya naɗe ya sa aljihu. Washegari ƙarfe shida saura ya kira ni a waya ya ce in ina zuwa in same shi ƙofar sitad, kuma in taho da famfo don tayar keken ta baya ta sace.