Gudawar da Na Raina

Ranar Juma'a zan miƙa makullin ɗakin ajiyar magani, bayan shekara shida a sashen gwajin magungunan kansa. An ce in bar wa masu shigowa 'yan kalmomi. To, ga su, ko da yake ba irin waɗanda ake karantawa a taron bankwana ba ne.

Na zo sashen nan da shekara tara na aikin kemo, wato tsohon maganin kansa da aka saba da shi, ina ji da kaina. Amai, zubewar gashi, gudawa, ƙarancin jini, duk na san su kamar yunwar cikina. Ashe sabon magani ne zai kayar da ni.

Wata yamma wani dattijo mai kansar huhu, da ke karɓar sabuwar allurar kansa mai suna pembrolizumab, ya kira wayar sashe.

"Sista, tun jiya nake gudawa."

"Sannu Baba. Sau nawa?"

"Ya kai biyar."

Na ce ya sha maganin tsayar da ciki, ya yawaita ruwa, sai mun haɗu ranar allurarsa. Bayan kwana huɗu aka kawo shi ranga-ranga, yana bayan gida da jini.

Kun san bambancin kemo da wannan sabon magani, amma bari in maimaita, don ni ma na sani a ranar. Kemo na kashe ƙwayoyin da ke saurin rarrabuwa, shi ya sa illarsa ke da lokacin zuwa da na tafiya. Shi kuwa pembrolizumab ba ya taɓa ƙarin kansar kai tsaye. Takunkumi yake cire wa sojojin jiki, ƙwayoyin T, wato takunkumin PD-1 da Tasuku Honjo ya gano a 1992, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2018 tare da James Allison. Sojan da aka kwance ba kullum yake bambance maƙiyi da ɗan gida ba. Yakan afka wa hanji, ko huhu, ko hanta, wani lokacin ma bayan an daina allurar da watanni. Gudawar Baba kumburin hanji ce, garkuwar jikinsa ke cinsa, kuma abin da take bukata shi ne likita ya gan shi a ranar, a dakatar da allura, a fara sitiroyid, maganin kwantar da kumburi. Maganin da na ba shi rufe bakin ƙararrawa kawai ya yi.

Baba ya tashi. Amma an cire shi daga gwajin, alhali hoton ƙarshe ya nuna ƙarin ya fara ja da baya. Wannan ne har yau ke tsaya mini a rai.

Laifina ne, ban taɓa musu ba. Sai dai a taron Litinin Oga ya kira sunana gaban ɗalibai, ya yi kusan rabin awa yana wa'azi a kan sakaci. Bai ce uffan ba game da takardar amsa waya da ke manne a bango, ta zamanin kemo, wadda na bi layi-layi, da sa hannunsa a ƙasanta. Mai haɗa magani ya roƙe shi sau biyu a sabunta ta. Laifi tudu ne. Cikin mako guda na rubuta sabuwa, ita kuke amfani da ita yanzu, sunan Oga ne a kai.

Sauran a gurguje. Kafin ku yi murna da kowane sakamako, ku duba mutum nawa aka gwada: rahoton maganin dostarlimab na 2022, inda kansar dubura ta ɓace a jikin kowa, a kan mutum 12 aka yi shi, dukkansu masu wani nau'in ƙari da 'yan kaɗan ke da shi. Zazzaɓi bayan CAR-T, wato maganin da ake sarrafa ƙwayoyin T na majiyyaci a mayar masa don su yaƙi kansa, ba ya jiran gari ya waye. Jinin da za a nemi ɓurɓushin DNA na ƙari a cikinsa, a rubuta sa'ar ɗibarsa nan take. Kada ku kira allurar mRNA, wadda ke koya wa garkuwar jiki gane ƙari, waraka a gaban majiyyaci, ko da kun ji wani babba ya faɗa.

Idan waya ta yi ƙara, tambayar farko a takardar ita ce wane magani yake karɓa. Asalin kwafin, mai rubutun hannuna da kwanan wata, da shi zan tafi gida.