Saƙon da ya ƙi sauka Abuja

Lokacin da nake aikin sigina a Jos, an ɗora mana tura rubutattun saƙonni zuwa Abuja ta rediyon HF, wato zangon da ke tsakanin megahaz 3 da 30. Murya tana isa, ko da da shuu a cikinta. Amma da mun haɗa kwamfuta sai fayil ya maƙale a rabi.

Kuskuren farko namu ne. Eriyar bulala muka kafa a tsaye, ita kuwa ƙasa-ƙasa take harba sigina, sai ya je ya faɗi can nesa, ya tsallake Abuja da ke kusa. Wani tsohon saje ya zo ya dubi bulalar, ya ce, "Yaro, sauke wannan, ɗauko waya." Muka miƙe wayar eriya a kwance tsakanin bishiyoyi biyu, kamar mita 4 daga ƙasa. Haka sigina ke miƙewa sama, ya bugi sashen sararin samaniyar da ke maido da shi, ya zubo kamar ruwan sama. Da rana muna wajen megahaz 7, da dare mu sauko kusa da 4.

Sai matsalar magariba. Da an idar da salla sigina zai fara ɗagawa yana faɗuwa, domin sararin yankinmu yakan hargitse bayan faɗuwar rana. Ga tsawar daminar Jos, wadda kowace walƙiya sai ta ci wani yanki na saƙon. Ni kuma na kafe a kan gudun tura bit (ƙwayar bayanan kwamfuta) 2400 a daƙiƙa, wai don mu gama da wuri. Saje ya ce, "Sauri ya haifi nawa."

Na rage zuwa 600, na kunna doguwar gauraya ta daƙiƙa 4.8, wadda ke barbaza bayanan yadda ɓarnar tsawa ɗaya ba za ta taru wuri guda ba. Na kuma bar tsarin STANAG 5066 ya yi aikinsa: yana yanka fayil gunduwa-gunduwa, wadda ta lalace kaɗai ake sake turowa.

A daren nan fayil ɗin da ya sha mana kai kwana uku ya wuce kafin shayin saje ya huce. Ya leƙa allon, ya ga amsar Abuja, ya ce in je in ƙara ɗaure wayar, iska na tasowa.