Taurarin littattafan wasan teburi: me lambar take faɗa wa mai saye a Nima?

Duk mai neman littafin wasan labari na kan teburi, irin Dungeons & Dragons da ya fito a 1974 ko Call of Cthulhu na 1981, maki ne idonsa ke fara faɗawa a kai. A DriveThruRPG, shagon intanet na irin waɗannan littattafai, taurari ne daga 1 zuwa 5, a RPGGeek kuma, shafin da 'yan wasa ke ba su maki, daga 1 zuwa 10. 'Yan wasan Nima da Mamobi a Accra sai sun canja sidi zuwa dala kafin su saya, shi ya sa suke riƙe lambar nan kamar hukuncin alƙali. Aikinta kuwa bai wuce na rariya ba. Za ta cire maka tsakuwa, amma ko garin zai yi tuwo mai daɗi, wannan sai an tuƙa.

Fara duba mutum nawa suka ba da makin. Ga misali: mutum huɗu sun ba da biyar-biyar, wani ya zo a fusace ya ba da ɗaya. Jimla 21, raba gida biyar, maki ya zame daga 5 zuwa 4.2. Da mutum 300 ne, ko gezau. Su wa ke fara yaba ƙaramin littafi? Abokan marubucin, da waɗanda suka zuba kuɗi a Kickstarter, shafin tara kuɗin sabon aiki, tun kafin a buga shi. Wanda ya biya ya jira shekara guda, da wuya ya fito ya ce an yi masa sakiyar da ba ruwa. Don haka 4.4 daga ɗaruruwan mutane ya fi 5 daga mutum shida. Tambarin Copper, Silver ko Gold da DriveThruRPG ke liƙawa kuma, yawan ciniki kawai yake nunawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, da yawan masu sharhi karanta littafin kawai suka yi, ba su taɓa zama da shi a teburi ba. Wasa ne na mutum huɗu ko biyar, ɗaya na jan ragama, a shafe awa uku ko huɗu. A nan aibi ke fitowa. Faɗa ɗaya ya cinye awa guda. Jagora yana ta juya shafuka yana neman doka ɗaya babu fihirisa, sauran sun koma kan wayoyinsu. Taswira ta nuna ƙofa biyu, bayanin ɗakin ya ce uku. Mai kallon zane daga kan kujera ba zai ga ko ɗaya ba, biyar zai bayar. To ka nemi sharhin da ya faɗi zama nawa aka yi, da mutum nawa. Tsarin sharhin shafin RPGnet ya burge ni a nan: maki biyu yake bayarwa, ɗaya na ado da tsarin littafi, ɗaya na abin da ke ciki.

Masu tauraro ɗaya sau da yawa da mai kawo kaya suke faɗa, kwali ya iso a lotse. Masu uku su ne abin karantawa, don sukan faɗi dalili.

Sannan akwai abin da mai sharhi a Amurka ba ya sawa a lissafi. Littattafansu da yawa a kan ma'aunin takardarsu aka tsara su, mu kuma A4 muke da ita, sai rubutu ya ƙanƙance ko gefe ya yanke a shagon fotokofi. Shafi mai duhun launi yana shan tawada, ya fito baƙi ƙirin. Duba ko akwai kwafin PDF marar ado na bugawa. Duba dais kuma. Dungeons & Dragons yana son masu fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20, ga manyan littattafai uku idan ana son cikakken wasa. Apocalypse World na 2010 da wasannin da suka bi tsarinsa, dais biyu irin na ludo sun wadatar: jimla 10 zuwa sama ka yi nasara, 7 zuwa 9 nasara da ɗan cikas, 6 zuwa ƙasa ka shiga uku.

Kamfanoni da dama suna sakin taƙaitattun dokoki kyauta, wasu har da gajeren labari da jarumai shiryayyu. Buga wannan, tara mutum huɗu ranar Asabar bayan la'asar, a gwada zama ɗaya kafin a taɓa kuɗin da ke MoMo.