Harsuna Uku Na Ƙirƙira, Na Manta Ban Yi Musu Uwa Ba

Har yanzu in na ja durowa na ga littattafan nan uku masu falle 40, sai in ji wani abu ya tokare ni a ƙirji. Wata 7 na kwashe ina cika su. Labarin da nake rubutawa na wata al'umma ne da ambaliya ta raba gida uku: wasu suka zauna bakin kogi, wasu suka haye dutse, sauran suka nausa daji da dabbobinsu. Ina so bayan ƙarnuka kowa ya zama da harshensa, amma mai karatu ya riƙa jin ƙamshin dangantaka. Sai na rubuta sunan kowace ƙabila a bangon littafinta na shiga zuba kalmomi. In na ƙirƙira wa mutanen dutse kalma, sai in ɗan murɗa ta in miƙa wa mutanen kogi. Kowane littafi ya doshi kalma 300.

Ina babi na 11 a zauren WhatsApp da nake sakin labarin, wata ɗaliba mai karanta kimiyyar harshe ta biyo ni gefe.

"Anti, don Allah tambaya gare ni. Kwalekwale a dutse pitu ne, a kogi fitu. To me ya sa pura, wato farin wata, ya zauna pura a duka biyun? Me ya hana p ɗinsa komawa f?"

Na ce mata ya fi daɗin faɗa a haka. Ta turo fuskar dariya, ta ce, "Anti, ai baki ba ya zaɓe."

Ranar ban yi barcin kirki ba. Abin da take nufi shi ne, idan sauti ya sauya a bakin al'umma, duk kalmar da ke ɗauke da shi a irin wannan gurbin sai ya bi ta, ko mai daɗi ko marar daɗi. Tun 1822 masanin harshe Jacob Grimm ya tsara wannan a kan harsunan dangin Jamusanci: inda Latin ke da pater (uba) da piscis (kifi), Ingilishi na da father da fish, wato p ta koma f. Marubuci Tolkien ma, da kowa ke kafa misali da shi, harsunan da ya ƙirƙira, Quenya da Sindarin, daga tushe ɗaya ya tsago su, kowanne da dokokinsa. Ni kuwa 'ya'ya uku na haifa babu uwa, ina yi musu kwalliya iri ɗaya don a ce 'yan ɗaki ɗaya ne.

Abin da ya fi ƙona min rai, darasin yana cikin gidanmu tun ina yarinya. Kakata Basakkwata ce. "Zamna nan, ɗiyata," haka take cewa, mu muna dariya don mu zauna muka sani. Ita amre, mu aure. Ita sabka da abduga, mu sauka da auduga. Baƙin leɓe ne da ya zo ƙarshen gaɓa ya narke ya koma u a bakin Kanawa, doka ɗaya ta kwashe kalmomin duka. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana ta a ƙarshen shekarun 1920, har yau da sunansa ake kiranta. Shekara nawa ina kwaikwayon tsohuwar nan, ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Na ajiye littattafan uku na sayi na huɗu. A ciki na gina harshen kakannin kafin ambaliya, saiwoyin kalmomi 200 kacal. Kowace ƙabila na ba ta dokoki ƙalilan, na jera su da lamba, domin wadda ta riga aukuwa tana iya lalata wa ta bayanta gurbi. A kogi p ta farkon kalma ta zama f, t tsakanin wasula biyu ta zama r. A dutse wasalin ƙarshe ya faɗi. Pitu ya koma firu a kogi, pit a dutse. Duk mai niyyar wannan aiki, ina roƙonsa kada ya rubuta kalma ɗaya ta 'ya kafin ya gama da uwa, ko da hannunsa na ƙaiƙayi.

Daga nan wani abu ya faru da ban shirya masa ba. A harshen kakannin, yaro tanu ne, jam'i kuwa ana liƙa a- ne a gaba, atanu. Da na bi da su ta dokar kogi, tilo ya zauna tanu, jam'i ya fito aranu. Ban ƙirƙiri wannan karkacewar ba, dokar ce ta haife ta, kamar yadda muke da ɓauna da jam'inta ɓakane, ko talaka da talauci. Na daɗe ina kallon kalmar kamar wani ne ya rubuta min ita.

Sai dai kuɗin kuskuren sai da na biya. Babi 11 na bi layi-layi ina gyarawa. Tauraruwar labarin, Pelita, 'yar kogi ce, bisa doka Felira ya kamata a kira ta, masu karatu kuwa sun riga sun saba. Dole na mai da uwarta baƙuwa daga wata nahiya, sunan ya zama na aro da ya shigo bayan dokar ta gama aikinta. Wannan ya ba ni sirrin da ya riƙe babi na 20 gaba ɗaya, ba na musu.

Waƙar makokin da ke babi na 6 ce ta gagare ni. Mata ne a bakin ruwa suna kiran farin wata ya raka mamaci, amshin kuma sunan watan ne sau uku. Da pura ne. Yanzu doka ta mai da shi fura. Na tura wa ɗalibar nan na ce ko za a yi wa wannan ɗaya afuwa, ta ce in tambayi kakata ko ita ta taɓa yi wa amre afuwa. Waƙar tana nan a ajiye, ban sake sakin ta ba.