Haɗa ɗaliban Birtaniya da Japan a makarantar hutun bazara

Na kula da rukuni a shirin kwana goma da aka yi a wata jami'a a Ingila, na 'yan sakandare masu shekara 16 zuwa 18 daga ƙasashen biyu. Kalanda ce ke fara ɗaure mai shiri. Duka ɓangarorin sai ƙarshen Yuli suke samun hutu, tsakiyar Agusta kuma ga bikin Obon na tunawa da magabata a Japan, ga sakamakon jarrabawar A-level ta kammala sakandare a Ingila. Bai fi mako uku ke saura ba.

Tokyo tana gaban Landan da awa 8 a bazara. Mun sa lacca ƙarfe uku na yamma a rana ta biyu, alhali a jikin baƙin ƙarfe 11 na dare ne, sai gyangyaɗi. Yawo a waje ya fi dacewa da kwana biyun farko.

Kowa na zaton Turanci ne cikas. Ni dai na ga shiru ya fi shi. Yaron Ingila ya saba cafke magana tun ba a rufe baki ba. Na Japan sai ya tsara amsarsa tukuna, ga kuma kunyar wanda ya girme shi ko da aji ɗaya ne. Kafin ya buɗe baki an wuce wurin. Sannan "hai" (wato "eh" a Japananci) da yake ta faɗa sau da yawa "ina jin ka" ce, ba "na yarda" ba. Wani rukuni ya kwana yana ganin an cimma matsaya, da safe aka koma farko.

Abin da ya yi mana aiki: mutum shida a tebur, uku-uku, ba a haɗa 'yan makaranta ɗaya. A jefa tambaya, kowa ya rubuta amsa na minti biyu, baƙi su fara karantawa. Tafinta ya zauna nesa, sai an kira shi, in ba haka ba da shi za a riƙa hira.

Daren farko mukan ba da labarin samari biyar na yankin Choshu a Japan da suka zo karatu Landan a 1863, cikinsu har da Ito Hirobumi, firaministan Japan na farko.

A sanar da 'yan gida tun da wuri cewa baƙi za su zo da tsaraba, yawanci kayan zaƙi na garinsu, a naɗe tsaf. Namu sun karɓa hannu rabbana, kunya ta ishe su.