Laraba, Makka: sudusi ya ƙi ƙarewa a waya

Yau ciniki kadaran-kadahan. Da hantsi wasu 'yan umara daga Damagaram suka sayi carbi da huluna, daga nan sai zaman shago har la'asar. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bayan isha'i ya faru.

A karatunmu na unguwar Shara Mansur, Malam ya shiga babin gado. Ya kawo mas'ala: mutum ya rasu ya bar mata, uwa da ɗa namiji. Mata sumuni (ɗaya cikin takwas), uwa sudusi (ɗaya cikin shida), asalin mas'ala 24, wato a raba dukiyar kashi 24. Mata ta ɗauki 3, uwa 4, ɗa ya kwashe 17. Na latsa kalkuleta a waya in gani, sudusi ya fito 0.16666, shida na bin shida babu ranar tsayawa. Abin ya tsaya mini a rai. Rabon da Alƙur'ani ya yanke sarai, yaya zai ƙi ƙarewa?

A gida na tarar da ɗiyar yayata mai karatun kwamfuta a jami'a, na faɗa mata. Ta ce, "Kawu, sudusi ba shi da laifi, goma ce ba ta iya ɗaukarsa."

Ta jawo takarda. Mu da tushen goma muke ƙirga, goma kuwa 2 sau 5 ce, babu 3 a cikinta, shi ya sa sulusi (ɗaya cikin uku) da sudusi ba sa ƙarewa. Sha biyu kuwa 2 sau 2 sau 3 ce. Idan aka mai da ita tushe, ana ƙara alamomi biyu na goma da sha ɗaya, sai a rubuta sha biyu 10, ashirin da huɗun Malam ta koma 20, 144 kuma ta zama 100. Sannan ta jera mini rabon gado shida a wannan tushe: rabi 0.6, rubu'i 0.3, sulusi 0.4, sulusi biyu 0.8, sudusi 0.2, sumuni 0.16. Kowanne ya tsaya cak, ba wutsiya.

Wallahi na daɗe ina kallon takardar nan. Wannan 0.4 ai carbi huɗu ne cikin dozin, abin da hannuna ke rabawa kullum. Na kuma duba gaɓoɓin yatsuna huɗu da nake bi da babban yatsa wajen tasbihi, uku-uku, sha biyu cif. A ganina da haka ya kamata a fara koya wa yara kaso, kafin a tsorata su da ɗigo da jerin shida. Ta ce Alhawarizmi ma, da ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, babban sashe nasa kan wasiyya da gado ne.

Har na fara cewa to a bar goma mana, sai ta ce in tuna zakka. Ɗaya cikin 40, a tushen goma 0.025 ne, ya ƙare lafiya. A tushen sha biyu ba ya ƙarewa, don akwai 5 cikin 40, sha biyu kuwa ba ta da ita. Humusi, wato ɗaya cikin biyar, ma haka, 0.2497 ne mai ta maimaita kansa. Na tambaye ta ko akwai tushen da ya haɗa 2 da 3 da 5. Ta nuna agogon bango, ta ce sittin ta mutanen Babila, amma sai gobe, tana da jarrabawa da safe.